Asara ce ko Ɓarna? Sunan da Ke Buɗe Ƙofar Kotu a Ƙasar Konni

Idan ruwan sama ya kwana yana zuba a Dogarawa ko Tsarnawa, gari ya waye katanga ta kwanta, rumbu ya jiƙe, gero ya tsira a jikin zangarniya, abin da maƙwabta ke cewa sananne ne: "Sannu da asara, Allah ya mayar da alheri." Babu mai tambayar wa ya yi. Amma idan garke ne ya ratsa gonar cikin dare ya cinye geron nan, maganar farko da za ta fito daga bakin mai gona ita ce, "Shanun wa?" Hatsin da aka rasa ɗaya ne, yunwar da za ta biyo baya ma ɗaya ce, amma na farko sunansa asara, na biyu sunansa ɓarna. Asara jaje ake yi mata. Ɓarna kuwa tana da mai ita: a bi sawunsa, a kai shi gaban mai gari, ya biya.

Duk fafatawar da ake yi yau a kotunan duniya kan sauyin yanayi tana tsakanin kalmomin nan biyu ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙararraki 884 da suka shafi yanayi a shekarar 2017. Zuwa ƙarshen 2022 sun kai 2,180. Masu ƙarar sun haɗa da manoma da tsofaffin mata da ɗalibai da ƙungiyoyi, kowa da harshensa da dokar ƙasarsa, amma buƙatarsu guda ce: alƙali ya yarda cewa abin da aka daɗe ana kira asara yana da mai shi. Mu mutanen Birnin Konni da Malbaza da Illela muna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Don haka ya kamata mu zauna mu tantance sunayen da muke kiran sa da su, domin alƙali kan sunan da aka kawo masa yake yanke hukunci.

Yanayi, kalmar da ba ta nuna kowa da yatsa

Rediyo ne ya kawo mana "sauyin yanayi". A nan Nijar, wannan gefen iyaka, an fi jin "canjin yanayi", wasu kuma su ce "ɗumamar yanayi". Kalmar yanayi faffaɗa ce ainun: akwai yanayin gari, yanayin jiki, yanayin kasuwa, yanayin siyasa. Kuma idan aka ce abu ya sauya, ba lallai a ji hannun kowa a ciki ba, tunda bazara ma takan sauya ta zama damina ba tare da wani ya tura ta ba. Wanda ya ji kalmar karon farko ba zai ɗauka ana tuhumar kowa ba.

Manomin Bazaga ba ya ma yawan faɗinta. Shi cewa yake damina ta rikice: an yi shuka ruwa ya ɗauke, an sake shuka, sannan ruwan wata guda ya sauko a dare ɗaya. Masana sun tabbatar masa da abin da idonsa ya gani. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature, bayan nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, suka gano cewa manyan hadarai masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, kuma suka danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Irin ruwan nan ne ke gangarowa daga tuddai, ya yanka ƙorama a tsakiyar gona, ya kwashi yashi ya zuba a rafin Majiya da madatsun Muzage da Zango, waɗanda gandun noman rani na Konni mai faɗin sama da hekta 2,000 ya dogara da su. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi.

Tushen zafin sananne ne: iskar kabon da ke tashi idan an ƙona kwal da man fetur da gas. Ɗan Nijar yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ɗaya a shekara. Abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa ya fi na 'yan Nijar ɗari.

Kakanninmu sun fi mu iya sa suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 suka kira ta Kakalaba, ta 1927 'Yar Buhu. Ta 1984 kuwa a kudancin Nijar aka ce mata El Buhari, domin a shekarar ne gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hatsin da ya saba ƙetarowa ya tsaya, ga fari ya riga ya ƙone gonaki. Garin iyaka irin Konni ya san abin da wannan ke nufi. Babu wanda ya ce mutum ne ya hana ruwa sauka. Amma jama'a sun rarrabe tsakanin abin da ya zo daga sama da abin da hannun mutum ya ƙara, suka rubuta wannan bambanci a cikin sunan shekarar.

A nan wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, kuma babu mumini da zai musa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba. Wanda ya kashe mutum bisa kuskure, ajalin mamacin ne ya yi, amma shari'a ta wajabta diyya duk da haka. Yarda da ikon Allah da neman haƙƙi ba su taɓa zama kishiyoyi ba a fiƙihun da muka tashi a ciki.

Shari'ar yanayi da ba a kiran ta da sunanta

Kalmomin shari'armu sun nuna hanyoyin da muka biyo. Alƙali da hukunci da hujja da sulhu daga Larabci suka zo. Kotu da lauya daga Ingilishi, ta kudu. A bakin mutanen Nijar kuma ana jin kalmomin da aka aro daga Faransanci. Ƙara kuwa tamu ce, kuma ba ta tsayuwa sai da mutum biyu: mai ƙara da wanda ake ƙara.

Idan aka duba abin da ke zuwa zauren sarakuna da babbar kotun Konni kowace kaka, za a ga shari'ar yanayi ta daɗe da isowa, sai dai da wasu sunaye take shiga: ɓarnar gona, cin iyaka, toshe burtali, hana mashaya. Kundin tsarin karkara na ranar 2 ga Maris 1993 ya wajabta a fara neman sulhu wurin sarakunan gargajiya kafin a je gaban alƙali, a kuma rubuta sakamakon a takarda, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da kwamitin sulhu mai wakilan manoma da makiyaya daidai wa daida. Akwai kuma hukumomin filaye da ake kira Kofo, daga na ƙauye zuwa na gunduma, masu shata burtali da ba da takardun mallaka.

Aikin da kansa da ƙafa ake yin sa. Da sassafe, kafin iska ta share ƙasa, wakilai su shiga gonar. A duba sawun kofato, a ga ta inda garken ya shigo da inda ya fita; a taɓa kashin shanun a san ɗanye ne ko ya kwana biyu; a ƙirga karan da aka karya da zangarniyar da aka gatsa, a auna faɗin wurin da taki, sannan a ƙiyasta dami nawa zai bayar da an bar shi ya kai girbi. A tambaya da rana aka yi ko da dare, domin ɓarnar dare ta fi nauyi. Wannan tambaya tsohuwa ce: Alƙur'ani ya ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu kan gonar da tumaki suka shiga da dare, malaman Malikiyya kuma sun ɗora tsaron gona da rana kan mai gona, tsaron dabba da dare kan mai dabba.

Amma akwai tambayar da takardar sulhu ba ta da gurbinta: me ya sa garken ya sauko da wuri? Kowace shekara hukuma kan tsayar da ranar sakin gonaki, wato ranar da dabbobi za su iya shiga cin kara. Wannan rana ta ginu ne kan cewa damina tana da lokacinta. Idan tabkunan arewa suka ƙafe tun kafin kaka, makiyayi ya gangaro dole; idan shuka ta yi latti saboda ruwa ya ɗauke, manomi bai gama girbi ba. Sai su haɗu a gona guda, kowa da gaskiyarsa. Ita ma iyakar noma ta arewa, wadda dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata, an ja ta ne bayan shekarun 1950 masu yawan ruwa. Doka ta kafa layi a ƙasa, ruwan sama kuwa bai zauna inda aka bar shi ba.

Inda sulhu ya gaza mun ga abin da ke biyo baya. A Nuwamban 2016, a Bangi da ke gundumar Madawa, maƙwabciyarmu, mutum 18 suka rasa rayukansu a rikicin manoma da makiyaya. Ba yanayi kaɗai ke haddasa irin wannan ba. Akwai ƙaruwar jama'a, da cinye burtali, da son zuciyar wasu masu sulhu. Amma a mafi yawan ƙararrakin nan, mai ƙara da wanda ake ƙara duk waɗanda abin ya cuta ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Daga fako zuwa gona

Illela tana da nata darasin. Fako shi ne ƙasar da ta bushe ta yi tauri, ruwa ya bi ta kanta ya wuce, ko ciyawa ba ta fitowa. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso a ƙarƙashin wani shiri da asusun IFAD ya ɗauki nauyi, suka ga yadda ake haƙa ramukan shuka, suka dawo suka inganta nasu, wanda ake kira tassa. Da rani ake haƙa ramin, faɗinsa kamar na ƙwarya, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba tafin taki. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse maimakon ya gudu. A yankin Badagishiri dubban hektoci na fako sun koma ba da gero da dawa, har aka fara saye da sayar da ƙasar da a da ko kyauta ba a so.

Inda ƙasa ta yi daraja, gardamar mallaka takan biyo. Fakon na wa ne: wanda kakansa ya taɓa nomawa ya bari, ko wanda ya raya shi da gumi, ko makiyayin da ya saba ratsawa? Fiƙihu yana da babin raya matacciyar ƙasa, kundin karkara ma yana ba amfani da ƙasa muhimmanci. Haka batun itace: sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi masu aski maimakon a sare, ya yaɗu ne sosai da manomi ya amince itacen da ya rena nasa ne, kuma a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan haka. Abin da manyan taruka ke kira daidaitawa da sauyin yanayi, a wurinmu yana rataye ne da kalma ɗaya ta shari'a, wato mallaka. Alƙalin da ya tabbatar wa mai tassa haƙƙinsa ya yi aikin yanayi ko bai taɓa furta kalmar ba.

Wane ne maƙwabci?

Ana yawan haɗa gurɓata muhalli da sauyin yanayi a numfashi ɗaya, alhali a gaban alƙali sun bambanta. Malbaza, garin masana'antar siminti tun shekarun 1960, wuri ne mai kyau na fahimtar bambancin. Duk inda ake yin siminti a duniya abu biyu kan tashi. Akwai ƙura, wadda ido ke gani, kuma idan ta sauka, kusa take sauka. Wannan batun maƙwabtaka ne, dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta tanadi yadda ake bi da shi. Akwai kuma iskar kabon da dutsen ke saki idan an gasa shi, wadda ba a gani, ba ta tsayawa a gari, takan gauraye da ta duniya baki ɗaya. Siminti yana ba da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon ɗin da duniya ke fitarwa, mafi yawansa daga manyan ƙasashe. Wahalar shari'ar yanayi ke nan: hayaƙin da ya tashi a Jamus shekaru hamsin da suka wuce yana cikin hadarin da ya rushe katanga a Galmi, amma ba ya barin sawun kofato.

Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna hayaƙi. Ibn Rami, wani magini masanin fiƙihu da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukunce kan hayaƙin gidan burodi da gidan wanka da ke cutar da maƙwabta, bisa ƙa'idar cewa cuta kawar da ita ake yi. A kan irin wannan ƙa'ida ce Saúl Luciano Lliuya, wani manomi daga Huaraz ta ƙasar Peru, ya kai kamfanin lantarki na RWE ƙara a Jamus a 2015. Ƙanƙarar duwatsu na narkewa tana cika tabkin da ke saman garinsu. Ya kafa hujja da sashen dokar Jamus mai hana mutum cutar da dukiyar wani, ya ce kamfanin ya fitar da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na hayaƙin masana'antun duniya, don haka ya biya daidai wannan kason na kuɗin kare garin, kimanin yuro 17,000. Ranar 28 ga Mayu 2025 kotun Hamm ta kori ƙarar, domin ta ga haɗarin da ke kan gidansa bai kai ba. Amma ta amince cewa a ƙa'ida ana iya kama babban mai fitar da hayaƙi da alhakin kasonsa, komai nisan da ke tsakani. Ya rasa kuɗin, amma kalmar maƙwabci ta faɗaɗa har ta ƙetare teku.

Saura shaida. A shari'armu hujja tana kan mai da'awa, kuma a nan ne masana suka shigo. Akwai ƙungiyar masu bincike mai suna World Weather Attribution, wadda ke kwatanta duniyar da muke ciki da wadda za a samu da ba a ƙona kwal da mai ba, ta auna yadda ɗumama ta ƙara wa wani bala'i ƙarfi. Kan ambaliyar 2022 ta ce ɗumama ta sa irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi ta fi yiwuwa kusan sau 80. Kan ta 2024 ta ce ruwan ya ƙara ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari a yankunan Kogin Kwara da Tafkin Chadi. Irin wannan lissafi shi ne bin sawu na zamani. Sai dai ba ya tsayuwa sai da ma'aunin ruwan sama da aka riƙa rubutawa shekara da shekaru, da ƙididdigar gidaje da rumbuna da dabbobin da aka rasa.

Abin da Konni ta riga ta koya wa duniya

Wanda ke shakkar cewa talakan ƙasar nan zai iya tsayawa gaban kotun ƙasa da ƙasa, ya tuna da Hadizatu Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 na sefa a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005, ta nemi tafiyarta, mai gidan ya ce matarsa ce. Shari'ar ta bi kotunan Konni, wata ta ba ta gaskiya, wata ta soke, har aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria da wasu lauyoyi ta kai Nijar ƙara kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce abin da aka yi mata bauta ne, hukuma ta gaza kare ta, a biya ta sefa miliyan 10. Abin da ya faru da ita bai canza ba tsakanin kotun farko da ta ƙarshe. Sunansa ne ya canza, daga aure zuwa bauta, hukunci kuma ya bi sunan.

Wannan ƙofa ta rufe tun da Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 2010, wanda ya ba kowa haƙƙin zama a lafiyayyen muhalli, shi ma an jingine shi tare da kundin a Yulin 2023. Amma akwai sauran ƙofofi. A Mayun 2025 ƙungiyar lauyoyin Afirka ta PALU ta nemi kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Arusha ta fayyace nauyin da ke kan gwamnatocin nahiyar game da yanayi.

Wanda ake ƙara kuma ba lallai ya zama na nesa ba. A 2015 Asghar Leghari, ɗan gidan manoma a Pakistan, gwamnatinsa ya kai ƙara babbar kotun Lahore domin ta rubuta manufar kare jama'a daga sauyin yanayi ta ajiye a aljihun tebur. Alƙali ya kafa hukumar da za ta bibiyi ma'aikatu. A Holan, ƙungiyar Urgenda ta sa kotun ƙoli a Disamban 2019 ta tilasta wa gwamnati rage hayaƙi da kashi 25 cikin ɗari. A Najeriya, a Nuwamban 2005, Jonah Gbemre ya samu hukuncin babbar kotun tarayya a Benin cewa ƙona gas a garinsu ya keta haƙƙin rayuwa, amma aka ci gaba da ƙonawa shekara da shekaru. Samun hukunci daban, zartar da shi daban; duk wanda ya taɓa cin shari'ar gona ya kasa karɓar gonar ya san wannan.

Tallafi, diyya da fatawa

A taron yanayi na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince a kafa asusun da kafafen labarai ke fassarawa da "asara da ɓarna", a Dubai a 2023 aka yi masa alkawarin kimanin dala miliyan 700. Kalmar ɓarna tana cikin sunan, amma an zare mata haƙora tun da farko: shawarar da ta raka yarjejeniyar Paris ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa sashen da ya yi maganar bai zama hujjar ɗora alhaki ko neman diyya ba. Don haka kuɗin asusun tallafi ne. Tallafi da agaji da gudummawa ganin dama ne na mai bayarwa: ya ba da abin da ya so, lokacin da ya so, a yi masa godiya. Diyya bashi ce, mai karɓa ba roƙo yake ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasashen da suka gina arzikinsu da kwal da mai sun ci ladan.

Wannan giɓi na tsakanin tallafi da diyya ne ɗaliban lauya na tsibiran Pasifik suka nufa a 2019, ƙasar Vanuatu ta ɗauki maganar, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa ta ga kotu ranar 29 ga Maris 2023. A nan ma sai an kula da suna, domin "kotun duniya" biyu ce a birnin Hague, kuma Hausa takan kira su da suna ɗaya. Ɗaya tana hukunta mutane kan manyan laifuka. Ɗayar tana shari'a tsakanin ƙasashe, mutum ɗaya ba ya kai ƙara gabanta. Ita ce aka tambaya. Ranar 23 ga Yuli 2025 alƙalanta baki ɗaya suka ce kare yanayi wajibi ne na doka a kan ƙasashe, cewa sakaci da shi, har da ba da lasisin haƙar mai da tallafa masa, na iya zama saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, kuma ƙasar da aka cuta na iya neman a gyara mata ko a biya ta, idan ta nuna alaƙa tsakanin laifin da cutar.

Wasu sun ce an yanke hukunci, wasu sun ce shawara ce kawai. Kalmar da ta fi dacewa muna da ita: fatawa. Fatawa ba ta aika ɗan sanda ƙofar kowa, amma tana bayyana mene ne hukuncin, kuma alƙalin da aka kawo wa ƙara gobe da ita zai yi aiki. Ta kuma shafe mu ta fuska biyu, tunda Nijar ta shiga sahun masu fitar da ɗanyen mai zuwa kasuwar duniya a 2024. Kasonmu ƙanƙane ne, amma wanda zai nemi haƙƙi wurin wani ya kamata ya tsare na mutanensa.

Aikin da ya rage mana

A Maris 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ma'anar wannan ita ce dokoki da takardun sulhu da sanarwar hukuma za su ƙara shigowa cikin harshen nan, kuma kalmar da aka zaɓa yau za ta daɗe. Ina roƙon 'yan jarida da masu fassara da malamai da tafintocin kotu su riƙe bambance-bambancen nan da kyau: kada a ce tallafi inda ake nufin diyya, kada a ce hukunci inda fatawa ce, kada a tsaya ga asara inda bincike ya nuna hannun mutum.

Kotu ba ta saukar da ruwa, ba ta yashe Muzage, ba ta haƙa tassa. Shari'ar Lliuya ta ci shekara goma, manomin Illela ba shi da wannan sararin. Abin da ke hannunmu ya fi kusa. Masu gari da hukumomin Kofo su riƙa rubuta ranar da ruwa ya sauka da ranar da ya ɗauke, rumbu nawa ya faɗi, hekta nawa yashi ya binne, wace rana tabki ya ƙafe. A ƙara layi ɗaya a takardar sulhu mai faɗin abin da ya koro garken da abin da ya jinkirta girbin. Wannan layi zai sa manomi da makiyayi su ga abin da ya haɗa su, zai taimaki hukuma ta tsayar da ranar sakin gonaki bisa daminar bana maimakon ta shekarun baya. Ranar da Nijar ko wata ƙungiyar manoma da makiyaya za ta tsaya gaban alƙali neman haƙƙi, waɗannan takardu ne za a fara tambaya.